Dusar Ƙanƙara a Littafi, Ƙurar Hunturu a Tsakar Gida

 

Ya 'yan'uwa iyaye, a cikin littattafan Faransanci da ke shiga hannun 'ya'yanmu a nan Malanbil, da wuya a rasa hoton wani gari da ya yi fari fat, yara suna wasa cikin manyan riguna, an rubuta "neige" a ƙasansa. Yaron da ya tashi a bakin kogin Kwara, inda zafin watan Afrilu kan zarce digiri 40, zai haddace kalmar, ya ci jarrabawa da ita, amma in ka tambaye shi mene ne wannan abu, sai ya yi shiru. In kuwa shi ne ya tambaya, sau da yawa amsar da yake samu ita ce, "Abin ƙasar Turawa ne." Da irin wannan amsa ake koya wa yaro cewa abin da ke cikin littafi bai shafi rayuwarsa ba, daga nan kuma sai ya daina tambaya.

Alhali dusar ƙanƙara ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. A hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ambace ta tare da ruwa da ƙanƙara a cikin addu'ar neman tsarkaka daga zunubi. Aya ta 43 a Suratun Nur kuma ta yi zancen gajimare da ƙanƙarar da ke sauka daga cikinsa. Abin da ya zo a waɗannan wurare ya cancanci a fahimtar da yaro shi.

Yadda ake halittarta

Ƙanƙarar da kan zubo da damina ɗigon ruwa ne da ya daskare, iska ta yi ta jujjuya shi a cikin hadari har ya yi nauyi. Dusa kuwa ba ta bi ta wannan hanya. Can sama, inda sanyi ya yi ƙasa da digiri 0, tururin ruwa ne ke daskarewa kai tsaye a jikin wata 'yar mitsitsiyar ƙura, ya yi ta taruwa har ya zama ƙwaya. Saboda yadda ƙwayoyin ruwa ke jeruwa idan sun daskare, siffarta kan fito da kusurwa shida.

Masani Kepler na Jamus ya rubuta ɗan littafi a kan wannan kusurwa shida tun 1611. Wani manomi ɗan Amurka, Wilson Bentley, ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma, ya ɗauki hoton ƙwaya ɗaya a 1885. Kafin rasuwarsa a 1931 ya tara hotuna fiye da 5,000, bai ga biyu da suka zo daidai ba. A 1936 kuma Ukichiro Nakaya na Japan ya samar da ƙwayar a ɗakin bincike, ya nuna cewa ƙarfin sanyi da yawan danshi ne ke yanke siffarta: wajen digiri 5 ƙasa da sifili takan fito kamar allura, wajen digiri 15 kuma ta yi rassa kamar tauraro. Da yake kowace ƙwaya da hanyar da take bi a cikin gajimare, kowace da irin adonta.

Abin da ke kusa da mu

Ga abin da littattafan ba su cika faɗa wa yaranmu ba. Ƙurar Sahara, irin wadda iskar hunturu ke kwaso mana daga Bodele ta ƙasar Chadi har ta rufe gadar Gaya da hazo, tana cikin ƙurar da ƙanƙara ke ginuwa a kanta a sararin sama. A Fabrairun 2021 ƙurar Sahara ta rina dusar duwatsun Faransa ta koma ja-ja. A garin Ain Sefra na Aljeriya, a bakin hamada, dusa ta sauka a kan rairayi a 2016 da 2018. Haka kuma dogayen gajimaren damina da ke tasowa mana daga gabas, samansu cike yake da ƙanƙara, kuma yawancin ruwan da ke shayar da shinkafa da gero ya fara ne a daskare, ya narke a hanya kafin ya iso ƙasa. Ashe kowace shekara tana ratsawa ta bisa kanmu.

Yadda za a karanta da yaro

Kada a fara da littafi; a fara da abin da hannu zai taɓa. A buɗe wa yaro firji, ko a roƙi mai sayar da ƙanƙara ya buɗe nasa, a nuna masa farin garin nan da ke manne a bango. Tururi ne ya daskare, ɗan'uwan dusa na kusa. A kankaro kaɗan a kan baƙin ƙyalle mai sanyi, ya duba kafin ya narke.

Sannan a narka gishiri a ruwa har ya ƙi narkewa, a zuba kaɗan a faranti, a ajiye a inuwa kwana biyu ko uku. Ƙwayoyin da za su fito masu kusurwa huɗu ne kamar ɗan akwati. Nan yaro zai gane cewa kowane abu da tsarin da Allah Ya ɗora shi a kai: gishiri huɗu, ruwa shida.

Bayan haka sai a ɗauko littafin. A bar shi ya ƙirga rassan da yatsa, a fassara masa da Hausa ko Dendi, ya zana da gawayi a ƙasa. In ya ci karo da hoto mai rassa biyar ko takwas, a gaya masa mai zanen ne ya yi kuskure. Yaron da ya taɓa kama kuskure a littafi ya fara karatu da hankalinsa. In kuma ya yi tambayar da ba ka da amsarta, ka ce masa, "Gobe mu tambayi malam tare." Matambayi ba ya ɓata.

Wannan aiki ba ya cin kuɗi, kuma uwa ko kaka da ba ta shiga lakwal ba tana iya yinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan hazo ya sauko bana, yara suka taru jin ɗumi da asuba, to lokacin wannan hira ya yi.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sa su zama masu lura da ayoyinSa. Amin.