Fitilar Bawul ɗin Mai: Yadda Haske Ke Magana da Matuƙin Jirgi

A ɗakin matuƙan jirgin Boeing 737, wanda ya fara tashi a 1967 kuma har yau yake jigilar mutane tsakanin Kano, Abuja da Legas, akwai allo a saman kan matuƙi cike da makunnai da ƙananan fitilu. Daga cikinsu akwai wasu shuɗɗa, kowacce ba ta wuce kan babban yatsa ba, waɗanda aikinsu shi ne bayyana halin da bawul ɗin mai, wato abin da ke buɗe ko rufe hanyar mai, yake ciki. Matuƙi ba ya ganin bawul ɗin da idonsa, domin yana can cikin fiffike ko jikin inji. Abin da fitilar ta faɗa masa, shi ne iyakar saninsa.

Jirgin na ɗauke da mai a tankuna uku: ɗaya a kowane fiffike, ɗaya a tsakiya. A samfurin 737 da aka fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1990, kafin man ya isa inji sai ya ratsa bawul biyu, na farko a ƙashin fiffike, na biyu a jikin injin. Idan matuƙi ya kashe inji, ko ya ja hannun kashe gobara, dukansu biyu suna rufewa. Akwai kuma wani bawul ɗin da ke haɗa bututun dama da na hagu, domin inji ya iya shan mai daga tankin ɗaya ɓangaren.

Hikimar tana cikin yadda fitila ɗaya take ba da labari iri uku. Mu ɗauki ta bawul ɗin inji. Idan a kashe take, bawul a buɗe yake, mai yana tafiya. Idan tana ci dishi-dishi, bawul ya rufe kamar yadda aka umarce shi. Idan kuwa ta yi haske tangaran, to ko dai bawul yana kan hanyar buɗewa ko rufewa, ko kuma ya ƙi bin umarni. Ta bawul ɗin da ke haɗa ɓangarori biyu ita ma haka take, sai dai ita dishi-dishinta na nufin a buɗe yake, mutuwarta kuma na nufin a rufe.

Ka dubi matuƙi a lokacin da ya murɗa makunnin haɗa ɓangarorin biyu. Fitilar za ta yi wal da ƙarfi, ƙaramin moto a cikin jirgin yana juya bawul, bayan ɗan lokaci kaɗan sai hasken ya lafa. Wannan lafawar yake jira kafin ya ɗauke idonsa. Idan hasken ya ci gaba da ƙarfinsa, ya san akwai matsala, watakila moto ya maƙale ko lantarki bai isa wurinsa ba.

Dalilin da ya sa za a iya gaskata fitilar shi ne, ba makunnin da ke hannun matuƙi kaɗai take saurara ba. A jikin bawul ɗin akwai ƙananan makunnai da ke taɓuwa idan ya kai ƙarshen tafiyarsa. Da'irar lantarkin tana kwatanta abin da aka umarta da abin da ya faru. In sun saɓa, cikakken lantarki ke zuwa ƙwan fitilar. In sun dace, sai a rage masa ƙarfi hasken ya disashe, ko kuma fitilar ta mutu, gwargwadon matsayin bawul ɗin.

Akwai wani rage hasken na daban, wanda bai kamata a haɗa shi da wannan ba. A gaban matuƙi akwai makunni mai matsayi uku: haske mai ƙarfi, haske mai rauni, da gwaji. Da rana, musamman a saman gajimare inda hasken rana ke cika ɗakin, sai da ƙarfi ake iya ganin fitilun. Da dare kuwa idon ɗan Adam yakan ɗauki kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma haske mai kaifi yana rushe wannan sabo nan take. Shi ya sa ake rage su, domin matuƙi ya iya hango titin sauka da sauran jirage.

Matsayi na ukun ya fi kowanne muhimmanci. Tun da mutuwar fitila ma saƙo ce, ƙwan da ya ƙone zai iya yin ƙarya ba tare da kowa ya sani ba. Saboda haka ake sa ƙwai biyu a cikin irin waɗannan fitilu, kuma a shirin tashi ake kunna su duka lokaci ɗaya a duba wadda ba ta ci. Masana'antar jiragen sama ta ga abin da ƙonannen ƙwai ke jawowa. A daren 29 ga Disamba 1972, jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401 yana shirin sauka a Miyami ta Amurka, sai fitilar da ke nuna fitowar tayar gaba ta ƙi ci. Tayar ta fito lafiya, fitilar ce ta ƙone. Matuƙan suka duƙufa a kanta, ba su lura jirgin yana gangarowa ba, har ya faɗa dausayin Everglades. Mutum 101 suka rasu.

Sai dai fitila mai gaskiya ma tana da iyaka. Za ta tabbatar bawul ya bi umarni, amma ba za ta ce umarnin daidai ne ba. A ranar 24 ga Agusta 2001, jirgin Air Transat ƙirar Airbus A330, daga Toronto zuwa Lisbon, ya samu ɗigar mai a injin dama. Matuƙan suka ga nauyin tankuna bai daidaita ba, suka buɗe bawul ɗin haɗawa, man ɓangaren lafiya ya bi ta wurin ɗigar ya zube. Injina biyu suka mutu a saman Tekun Atlantika. Allah Ya yi da sauran kwana, suka lallaɓa jirgin ba inji har tsibiran Azores, mutum 306 da ke ciki duka suka tsira.

Jiragen zamani sun koma ga allunan kwamfuta, kuma masu ƙera su sun fi son a bar ɗakin ba fitila ko ɗaya muddin komai lafiya, domin duk wadda ta kama ta ja ido. Amma nauyin yana nan a wuyan mutane biyu: injiniyan da zai canja ƙwan da ya ƙone ba tare da ya raina shi ba, da matuƙin da ya san ma'anar kowane mataki na haske, ya kuma tambayi kansa dalili kafin ya taɓa bawul.