Jiran Sabon Littafi Da Hunturu

 Hunturu ya kama sosai, hazo ya rufe gari, kowace uwargida ta fito da man kaɗanya da tsofaffin barguna, wankan asuba kuwa ya zama sai mai ƙarfin hali. Makarantu suna gab da rufewa, nan da 'yan kwanaki 'yan matanmu za su dawo gida da akwatunansu su zauna mana mako biyu ko uku. Shi ya sa na ga makon nan ya kamata mu ɗan ajiye zancen girki da ɗinki, in ba ku labarin yadda 'yan matan waɗansu ƙasashe suke ɗokin zuwan sanyi saboda sababbin littattafan da yake kawo musu.

Bari in fara da abin da ya sa zancen ya dame ni. Sa'ad da nake makarantar horon malamai an tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Ran nan ina cikin koyar da labarin ƙasa, sai na lura da wata yarinya can baya ta duƙar da kai, ta yi tsit fiye da yadda darasina ya cancanta. Na zagaya, na iske ashe ta ɓoye littafin hikaya cikin littafin taswira. Na karɓe, na yi mata faɗa irin na sabuwar malama, wanda ya fi laifin yawa. Da dare na ce bari in duba abin da ya ɗauke mata hankali haka. Ban rufe shi ba sai da zakara ya yi cara. Labari ne mai daɗi ƙwarai, amma na kishiyoyi ne da saki da zuwa wurin boka, ita kuwa yarinyar shekarunta 13. Kashegari na kira ta na ce wannan ba na yara ba ne. Ta ce, "To Malama, wanne ne namu?" Na ce Magana Jari Ce. Ta ce ta karanta tun tana firamare, har sau biyu. Daga nan na rasa abin da zan ce mata.

A Amurka tambayar yarinyar nan tana da amsa, gama can akwai littattafan da ake rubutawa musamman don matasa, watau 'yan shekara 12 zuwa 18. Suna da nasu wuri daban a kantin littattafai, da nasu ɓangare a laburare, har da ma'aikatan laburare waɗanda aikinsu ke nan kurum. Masu ɗab'i kuwa sun raba shekara kashi-kashi kamar yadda manomi ya raba tasa. Yawancin manyan kamfanoni kashi uku suke yi, na hunturu yakan fara daga Janairu ya kai Afrilu. Tun watanni kafin lokacin sai kowane kamfani ya fitar da jerin abin da zai buga, da sunan marubuci, da hoton bango, da ranar fitowa. Ana aika wa masu kantuna da ma'aikatan laburare da masu sharhi kwafin gwaji, su karanta tun littafi bai shiga kasuwa ba. Saboda haka kafin Disamba ta ƙare yarinya ta riga ta san abin da ke tafe, ta rubuta sunayen waɗanda take so. Wani ta biya kuɗinsa tun bai fito ba, wani kuma ta je laburare ta sa sunanta a layi, ran da ya iso a ba ta aro kyauta. Har ranar kasuwa gare su, don bisa al'ada ran Talata sababbin littattafai suke fitowa a can.

Kada ku zaci na hunturu ragowa ne da aka rasa yadda za a yi da su. Littafin John Green mai suna The Fault in Our Stars, labarin wata yarinya 'yar shekara 16 mai fama da ciwon daji, cikin Janairu 2012 ya fito. Marubucin ya yi alkawari zai sa hannu a kan duk bugu na farko, ya kuwa zauna ya sa hannu har sau 150,000. Ni da nake kukan gajiya in na duba littattafan aji ɗaya, na jinjina masa. Cikin Fabrairu 2017 Angie Thomas ta fito da The Hate U Give, labarin yarinya baƙar fata wadda ɗan sanda ya harbe abokinta a gabanta, aka bar ta da shawarar ko ta faɗi gaskiya ko ta yi shiru ta tsira. Cikin Maris 2018 kuma sai ga Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, wadda aka haifa a Amurka, iyayenta Yarabawa ne daga Nijeriya, ta gina labarinta a kan al'adun Yarabawa, shekarunta 24 a lokacin. Wani da aka daɗe ana jira shi ne Sunrise on the Reaping na Suzanne Collins. An yi shelarsa cikin Yuni 2024, bai fito ba sai ran 18 ga Maris 2025, watau wata tara cur kamar goyon ciki, kuma a makon farko aka sayar da fiye da miliyan ɗaya da rabi. Ban da wannan, cikin Janairu ne ƙungiyar laburarorin Amurka ta saba faɗin wanda ya ci lambar Printz, wadda tun 2000 ake bayarwa ga littafin matasa da ya fi kyau a shekara.

Ƙannena 'yan makaranta, ga wanda nake so ku riƙe. Cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya akwai wata yarinya, Susan Hinton, mutuniyar garin Tulsa. Ta ƙosa da littattafan da ake ba sa'o'inta, ta ga ba su yi kama da zaman da take gani a makarantarsu ba, inda 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa suke zaman doya da manja. Sai ta ɗauki alƙalami tana 'yar shekara 15. Littafin, The Outsiders, ya fito a 1967 tana da shekara 18. Masu ɗab'i suka ba ta shawara ta sa haruffan farko na sunanta kurum a bango, don kada maza masu sharhi su ga sunan mace su raina littafin. Har yanzu ana karanta shi a makarantun ƙasar.

Amma ƙasar da al'adarta ta fi ba ni sha'awa ita ce Aisland, wani tsibiri can arewacin Turai, wanda mutanensa duka ba su kai rabin miliyan ba. Sanyinmu wasa ne a kan nasu. A babban birninsu, cikin Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 11 na safe, wajen 3 da rabi kuma ta faɗi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙuntata shigo da kaya daga waje, amma ba a matsa wa takarda kamar sauran ba. Mutane suna da kuɗi a hannu, ba abin saye na kyauta, sai suka koma ba juna littafi. Tun 1944 masu ɗab'in ƙasar suke haɗa jerin sababbin littattafan shekara cikin wata mujalla, kuma shekaru da yawa ana kai ta kowane gida kyauta wajen watan Nuwamba. Yara da manya su yi ta juya shafi suna sa alama. Yawancin sababbin littattafai a 'yan makonnin nan suke fitowa gaba ɗaya, har suna kiran abin ambaliyar littattafai. Daren jajiberin Kirsimeti, ran 24 ga Disamba, a ba kowa nasa, da yawa su kwana suna karatu. Ku dubi yadda ƙunci ya haifar musu da al'ada mai kyau, yaƙi ya wuce tuntuni ita tana nan.

To, kada wata uwargida ta ji wannan ta ce duk abin da aka rubuta wa matasa a Turai da Amurka sai a miƙa wa 'yarta ido rufe. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2012 ya nuna fiye da rabin masu sayen littattafan matasa manya ne, mai sayarwa kuwa inda kuɗi yake nan yake kallo. Waɗansu daga ciki sun fi dacewa da 'yar shekara 20 bisa ga 'yar 13, waɗansu kuma al'adarsu ba tamu ba ce sam. Abin da na yaba musu shi ne shirin, watau an san yarinya tana nan, an yi mata tanadi, an gaya mata ranar zuwansa.

Mu ma ai mun san jiran littafi. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa gama na ɗaya ta aiki yaro kasuwa neman na biyu ba, ya dawo ya ce mai kanti ya ce sai wani mako? Yanzu kuma abin ya koma waya, ana jiran marubuciya ta saki shafi a WhatsApp. Marubuta ma ba mu rasa ba. Tun gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, ake rubuta hikaya da Hausa. Duk maza ne suka rubuta waɗannan. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed a Zariya, daga nan su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Funtuwa suka biyo, mata suka cika fagen. Tun 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata don mata zalla. Amma ku lissafa da kanku. Muna da tatsuniya don ƙanana, muna da labarin aure da kishi don manya. 'Yar aji biyu ta sakandare, wadda damuwarta jarrabawa ce, da ƙawar da ta daina yi mata magana, da tallan da ke hana ta zuwa makaranta da wuri, da tsoron kada a cire ta a yi mata aure, littattafan da suka yi zancenta kaɗan ne ƙwarai. Ita kuwa ba za ta zauna jira ba, na uwarta za ta ɗauka daga ƙarƙashin matashi.

A 2007 an tara littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun 'yan matan makarantu a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Na san abin da ya tsorata iyaye, gama ni ma na karɓe nawa. Amma a ganina wanda ya karɓe wa yarinya littafi bai ba ta wani ba, rabin aiki ya yi, rabin da ya fi sauƙi kuwa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo cikin hutun nan. Uwargida, in kin fita sayen rigunan sanyi, ki rage na littafi guda. Ki fara karanta shi ke da kanki, sa'an nan ki ba ta, in ta gama ku yi taɗinsa kuna tankaɗe ko tsinkar zogale. In kuɗi sun yi wuya, gida biyar su haɗu kamar adashi, kowa ya sayi ɗaya a riƙa musaya. Wadda 'yarta ba ta karanta Shaihu Umar ba ta fara da shi, gajere ne, labarin uwa ce da ta bi sawun ɗanta da aka sace har hamada. Masu jin Turanci su nemi The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960, ko The Undesirable Element na Mohammed Sule, mutumin Kano, na 1977, ko kuwa The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2007, labarin wata yarinya ce a ƙasar Nijar cikin shekarar 2070. In dare ya yi an kewaye wuta, a ba babbar ta karanta wa ƙannenta da ƙarfi, kamar yadda kakanninmu suke yi mana gatana. Ku kuma 'yan makaranta, wadda ta ji tana da labari a ciki, ta sayi littafin rubutu mai shafi 60 ta fara. Ku rubuto mini ta hannun Edita, ku gaya mini sunan abin da kuka karanta da wanda kuke jira, zan kawo wasiƙunku a wannan fili.

Ita kuwa ɗalibar tawa, ran da na gama gwaji na mayar mata da littafinta, na haɗa mata da nawa na Mallam Ilia wanda bangonsa ya riga ya yage. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta ce, "Malama, in kin karanta na ɗayan, na biyun yana wurin ƙawata." Na ce ta karɓo mini kafin mota ta tashi.