Ko ka san aikin madubin hangen nesa tara haske ne?

Idan dare ya yi a Damari, aka kashe janareto, masu shayi suka tashi, sai ka ga sama ta matso kamar ka miƙa hannu ka tsinko tauraro. Irin wannan duhu na dajin Birnin Gwari shi masu sha'awar kallon taurari a Turai ke cin doguwar tafiya suna nema, don lantarkin birane ya dusashe musu sama.

A watan Nuwamba, wajen ƙarfe tara na daren da babu farin wata, fuskanci arewa ka ɗaga kai sosai. Ajiye waya, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Za ka hangi wani ɗan tabo fari-fari, kamar an dangwali toka an shafa a gindin tukunya. Wannan shi ne Andromeda, gungun biliyoyin taurari. Hasken da ya shigo idonka ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Allah mai iko! Tun a shekarar 964 malamin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambace shi a littafinsa, ya kwatanta shi da ɗan gajimare.

To, ina amfanin madubi? Mutane sun ɗauka jawo abu kusa kawai yake yi, alhali babban aikinsa tara haske. Ka tuna yadda mata ke tarar ruwan sama: mai kofi da mai daro ba za su tashi da ruwa ɗaya ba. Baƙin idon mutum, in ya buɗe iyakarsa cikin duhu, bai wuce milimita 7 ba. Madubi mai faɗin santimita 20 kuwa yana tara hasken da ya ninka na ido sau 800, ya tattara shi wuri guda. Isaac Newton ne ya ƙera madubin hangen nesa mai kwarmin ciki a 1668.

Duk da haka, kada ka sa rai da launukan nan da kake gani a hotuna. Ido ba ya ajiya. Abin da ya gani yanzu, ya wuce. Kyamara ce mai haƙuri. Ana barin bakinta a buɗe, haske na ɗiga ciki kaɗan-kaɗan, wani ɗan inji kuma yana juya madubin a hankali don ya bi taurari, tunda duniya ba ta tsaye. Masu wannan sha'awa a yau sukan ɗauki hotuna barkatai a dare ɗaya, kwamfuta ta ɗora su kan juna har hannayen gungun masu murɗewa su fito. Wanda ya fara fito da siffar Andromeda a hoto, a 1888, shi ne Isaac Roberts, ɗan kwangilar gini a Ingila da ya riƙi kallon sama abin sha'awa. Sai da ya bar kyamararsa a buɗe awa huɗu.

Lokaci mafi kyau a nan shi ne ɗaukewar damina, kafin hazon hunturu ya rufe sama. Ni dai abin da ke min ciwo, shekarun tashin hankali sun sa yaran wannan yanki sun san dare da fargaba kawai. Masu hali daga cikin 'ya'yan Birnin Gwari, ku taimaka ku saya wa makarantun sakandarenmu ko da madubi ɗaya ne, yara su leƙa su ga abin da ke bisa rufin gidajensu.