Shin gwamnati na biyan marasa aikin yi albashi?

Duk bayan 'yan watanni sai saƙon ya sake zagayowa a WhatsApp: wai gwamnatin tarayya ta buɗe rajistar biyan marasa aikin yi kuɗi duk wata, a latsa nan, a sa lambar BVN, a tura wa mutum goma. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu wata doka a Najeriya da ta tanadi alawus ga mutum don kawai ba shi da aiki, irin yadda ake yi a Ingila ko Jamus. Duk wanda ya nemi BVN ɗinka da lambar sirrin katinka, asusunka yake hari.

Abin da ke sa jama'a yarda shi ne an taɓa biyan wani abu mai kama da haka. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya riƙa ba masu digiri naira 30,000 a wata, amma ladan aiki ne, kamar koyarwa a firamare ko taimakawa a ƙananan asibitoci, kuma an dakatar da shi a watan Oktoban 2023. Ayyukan wucin gadi 774,000 da gwamnati ta taɓa rabawa ma, mutum dubu daga kowace ƙaramar hukuma, na wata uku ne kacal, a kan naira 20,000 a wata.

Wasu kuma sun ɗauka hukumar NDE, wadda aka kafa zamanin Babangida, guraben aikin gwamnati take rabawa. A'a, sana'a take koyarwa. Takan haɗa matashi da ubangida, tela ko kafinta ko mai walda, wani lokaci ta ƙara da kayan aiki ko ɗan rance, idan an dace. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971 da hedikwata a Jos, shi ma horo ne nasa: shi ke kula da SIWES na ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki, kuma yana da cibiyar koyar da sana'a a Kano. Hukumar NSITF kuwa diyyar rauni ko mutuwa a bakin aiki take biya, ba ruwanta da wanda aka sallama.

Akwai dai magana ɗaya da mutane ke yi wa kallon jita-jita alhali gaskiya ce. Dokar fansho ta 2014 ta yarda ma'aikacin da bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho. Zai je wurin kamfanin da ke riƙe masa asusun da takardar sallama, su kuma su nemi amincewar hukumar fansho, PenCom. Sai dai a sani, ba kyauta ba ce. Guminsa ne da aka tara masa don tsufa, yake gutsura tun yanzu. Wanda ke da wata mafita gara ya haƙura. Mai faci da ɗan acaɓa da ba su taɓa buɗe asusun ba, ba su da abin cira.

NDE na da ofishi a kowace jiha. Mai son koyon sana'a ya taka da ƙafarsa ya je ya tambaya, kada ya ba kowa ko sisi da sunan kuɗin fom.