Injin sassabe da saurar da ta koma daji

A ƙasar da ruwa ke sauka sosai, irin su kudancin Kaduna da jihar Neja da Taraba, gonar da aka bari shekara uku ba noma takan rikiɗe ta zama daji. Gamba da kyasuwa su miƙe har su shanye tsayin mutum, tofa ta shimfiɗa saiwarta a ƙarƙashin ƙasa, kalgo ya tofo daga tsofaffin kututture. Ranar da mai gona ya dawo, abin da ya fi masa arha shi ne ashana. Shi ya sa daga Disamba zuwa Maris hayaƙi ba ya yankewa a gefen hanyoyinmu.

Arhar wuta ba ta wuce ta rana ɗaya ba. Naitirojin da ke cikin ciyawa, wanda shi ne manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya, yana bin hayaƙi ya tafi. Tokar da ta rage tana da amfani, amma iskar hunturu kan kwashe ta kafin ruwan farko. Tofa kuwa ko a jikinta, don saiwarta na can ƙasa inda zafi bai kai ba, kuma ita ce ke riga kowa tofowa. Balle a ce wutar ta tsallaka gonar maƙwabci ta cinye masa rumbu.

A nan ne injin sassabe, wanda direbobin tarakta ke kira silasha, ya cancanci a san shi. Kamfanin Bush Hog da aka kafa a garin Selma na jihar Alabama a Amurka a 1951 yana cikin waɗanda suka yi suna da shi. Faffaɗan murfin ƙarfe ne da tarakta ke ja, a ƙarƙashinsa akwai wuƙaƙe biyu masu kauri. Sandar da ke fitowa daga bayan tarakta tana juyawa sau 540 a minti, giya ta karɓi juyin ta miƙa wa wuƙaƙen, har gudun bakinsu ya haura kilomita 200 a awa. Ba kaifi ne ke aikin ba, duka ne. Da gangan ake barin wuƙar da ɗan dakushi, domin ta farfasa kan itace maimakon ta fiƙe shi ya zama tsinin da zai huda taya. Kuma ba a ɗaure ta kam ba: tana lilo a kan ƙusa, idan ta gamu da dutse ko kututture sai ta kauce baya, juyi ya sake miƙar da ita. Akwai wani noti da aka sa don ya karye in nauyi ya yi yawa. Wanda ya maye gurbinsa da ƙarfe mai tauri don gudun tsayawa, giyarsa ce za ta biya.

Abin da injin ya daddatse yana kwance a gona. Yana tare ƙasa daga rana da iska, gara ta ja shi ciki, ramukanta su zama hanyar ruwa. Sai dai mai dabbobi ya sani, ciyawar da silasha ta niƙa ba ta ɗauruwa dami. Inda ciyawa take kuɗi da rani, a fara shiga da lauje.

Hatsarinsa ba na wasa ba ne. Sau 540 a minti yana nufin sau 9 a sakan ɗaya. Babbar riga ko jelar rawani ta taɓa sandar nan ba murfi, kafin direba ya kai hannu ga makunni mai afkuwa ta afku. Wuƙar kuma tana iya cilla dutse ko guntun waya nesa, abin da ya sa masu ƙera injin ke cewa jama'a su nisanta da kusan mita 100. Mu kuwa da an ji ƙarar tarakta a ƙauye, yara ne ke fara biyo ta a baya. Wajibi ne a sa babba ya tsare su.

Amma abin da ya fi damuna shi ne injin ba ya bambanta tsiro. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aikin gona a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara itatuwa ne masu tsohuwar saiwa da rai a ƙasa. Manoma suka soma zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture suna barinsu, suna datse sauran, aikin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ɗan gawon da zai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ciyar da awaki da rani, silasha za ta share shi tare da tofa cikin ƙiftawar ido.

Don haka kafin tarakta ta shiga, mai gona ya taka saurarsa da ƙafa. Ya kafa sanda mai ƙyalle a kan kowane gawo da ɗorawa da kaɗanya da yake son ya girma, ya nuna wa direba suri da rami da tsohuwar rijiya. A yi yankan farko da injin a ɗage, a saukar da shi a zagaye na biyu bayan an ga abin da ciyawa ta ɓoye. Inda tofa ta yi yawa kuma, a shirya maimaita yanka duk sa'ad da ta sake tofowa, har abincin da ta tara a saiwa ya ƙare.