Yawan mahalarta a gwajin sauƙin amfani

Yawan mahalarta a gwajin sauƙin amfani shi ne adadin mutanen da ake gayyata su gwada wata manhaja, shafin intanet ko na'ura, domin a gano inda masu amfani ke rikicewa. A irin wannan gwaji, ana ba mutum wani aiki, kamar tura kuɗi ta waya ko cike fom, mai bincike kuma yana lura da inda ya tsaya ko ya yi kuskure. Idan mutanen sun yi kaɗan, matsaloli na iya ɓoyewa har kayan su fita kasuwa. Idan sun yi yawa, ana ɓarnar kuɗi da lokaci wajen ganin abu ɗaya sau da yawa.

Asalin ƙa'idar mutum biyar

A shekarar 1992, Robert Virzi ya wallafa binciken da ya nuna cewa mutum huɗu zuwa biyar na iya bankaɗo kusan kashi 80 cikin 100 na matsalolin amfani. A 1993, Jakob Nielsen, ɗan asalin ƙasar Denmark, da Thomas Landauer sun fitar da wani lissafi kan batun. Nielsen ya ƙara yaɗa ra'ayin a wata maƙala ta shekarar 2000, inda ya ce mutum biyar kan gano kusan kashi 85 cikin 100. Ya ba da shawarar cewa idan akwai kuɗin gwada mutum 15, gara a yi zagaye uku na mutum biyar-biyar, ana gyara kayan bayan kowane zagaye.

Yadda lissafin yake

Lissafin shi ne 1 − (1 − p)^n. Harafin p na nufin yiwuwar mutum ɗaya ya ci karo da wata matsala, n kuma yawan mahalarta ne. Nielsen da Landauer sun samu cewa matsakaicin p ya kai kashi 31 cikin 100, kuma daga nan adadin biyar ya fito. Amma idan matsala tana shafar mutum ɗaya ne kawai cikin goma, yiwuwar ganin ta a tsakanin mutum biyar kashi 41 ne cikin 100. Sai an gwada mutum 18 kafin a kai kashi 85.

Suka

A 2001, Jared Spool da Will Schroeder sun gwada shafukan sayayya na intanet, suka ga mutum biyar na farko sun gano kusan kashi 35 ne kacal na matsalolin. A 2003, Laura Faulkner ta gwada mutum 60, sannan ta riƙa zaɓar ƙananan rukunoni daga cikinsu ba tare da tsari ba. Wasu rukunonin mutum biyar sun gano kashi 99, wasu kuma kashi 55 kawai. Da ta ɗaga adadin zuwa 20, babu rukunin da ya gaza kashi 95.

Adadi bisa nau'in bincike

Ƙa'idar biyar ta shafi binciken neman matsaloli ne kawai. Idan ana son auna abu da lambobi, kamar tsawon lokacin kammala aiki ko kason waɗanda suka yi nasara, Nielsen ya ba da shawarar aƙalla mutum 20, daga baya kuma kamfanin Nielsen Norman Group ya ce 40. Domin a rage ratar kuskure zuwa rabi, sai an ninka yawan mahalarta kusan sau huɗu.

A binciken hira, ana ci gaba ne har sai sabbin bayanai sun daina fitowa. A 2006, Greg Guest, Arwen Bunce da Laura Johnson sun nazarci hirarraki 60 da aka yi da mata a Ghana da Najeriya, suka ga yawancin jigogin sun bayyana a cikin 12 na farko.

Inda kuskure ke iya jawo asarar rai, ana ƙara tsanantawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, a ƙa'idojinta na 2016, ta ba da shawarar aƙalla mutum 15 daga kowane rukunin masu amfani wajen gwajin tabbatar da na'urorin asibiti.

Abubuwan da ake dubawa

Kafin a tsayar da adadi, ana duba manufar binciken, girman kayan, haɗarin kuskure da kuɗin da ake da shi. Ana kuma duba bambancin masu amfani. Idan manhaja ɗaya za ta yi wa likitoci da marasa lafiya aiki, kowane rukuni na buƙatar nasa mahalartan, domin abin da ke ɗaure wa ɗaya kai ba lallai ya dami ɗayan ba.