Jirgin Araha a Tafkin Kainji: Abin da Mai Saye Ba Ya Tambaya

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, mutanen ƙasar Auna da maƙwabtansu suka wayi gari da babban ruwa a yamma da su. Kogin Kwara ya bazu ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135, faɗinsa a tsakiya ya haura kilomita 20. Tsohuwar Busa ta nutse, gonaki da dazuzzuka suka nutse, hanyoyin ƙafa suka koma na jirgi. Yau magidancin da ke zaune a tunga, in ya sayar da kifi ko amfanin gona ya ga kuɗi sun taru, jirgi yake tunanin saye: na kai iyali kasuwar Wara, na zuwa biki da ta'aziyya a ƙetare, na ɗan lodi. In ya je wurin kafinta kuwa, tambaya biyu ce a bakinsa. Nawa ne? Yana gudu?

Ta gudun ta fi sauƙin amsawa. Jirgin da ke ratsa ruwa da nauyinsa yakan tayar da igiya a goshinsa da wata a bayansa. Yana ƙara sauri, igiyar tana ƙara tsawo, har ta yi daidai da tsawonsa, daga nan sai ya zama kamar mai hawan tudun da shi da kansa yake tarawa. Masana ƙirar jirgi sun daɗe da auna wannan iyaka. Jirgin da tsawon jikinsa da ke cikin ruwa ya kai mita 10, gudunsa na sauƙi bai wuce kilomita 14 a awa ba, kuma sai an ninka tsawon sau huɗu kafin gudun ya ninka sau biyu. Siririn jirgi yakan ɗan zarce wannan iyaka, shi ya sa maƙeran bakin Kwara suke son dogon jirgi marar faɗi. Amma wanda ya cire inji mai doki 15 ya ɗaura mai doki 40 a gajeren jirgi mai nauyi, abin da zai ƙaru ƙara ce da shan mai. Gudun kaɗan ne.

Tambayar da ba a yi ita ce wadda rai ya rataya a kanta: in jirgin nan ya karkata, zai dawo? Abu uku ke yanke wannan hukunci. Faɗin jirgi, da inda nauyi ya zauna, da tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. Siririn jirgin da ya ba ka gudu shi ne kuma mai saurin kifewa. Buhunan masara a ƙasan jirgi suna taimaka masa ya tsaya, amma da zarar mutane sun hau kan buhunan sun zauna, aka jera babura a tsaye, nauyi ya koma sama. Sai kuma ruwan da ke shiga ta tsakanin katako. Duba ƙasan kowane tsohon jirgi za ka ga inda aka cusa tsumma aka shafe da kwalta, da fallen kwano da aka buga da ƙusa a kan tsaga, ga yaro a durƙushe da yankakkiyar jarka yana kwarfewa. Aikin yaron nan ba ƙarami ba ne, domin ruwan da ya kwanta a ciki ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi na karkata, duk sai ya gangara ɓangaren da ya yi ƙasa, ya ƙara danna shi.

Turawa ma sun sha wannan muhawara a kan jiragen shaƙatawa na masu matsakaicin hali. A Ingila, kamfanin Westerly ya ƙera wani jirgin iska mai suna Centaur daga 1969 zuwa 1980, tsawonsa kusan mita 8, aka sayar da guda 2,444. Masu tsere ba su taɓa yaba gudunsa ba. Sai dai kimanin kashi biyu cikin biyar na nauyinsa ƙarfe ne da aka ɗaure a ƙarƙashinsa, ta yadda in iska ta kwantar da shi zai miƙe, kuma ƙafafu biyu na ƙarfen nan suna ba shi damar tsayawa a kan laka in ruwa ya janye. Iyalai suka saye shi saboda yana kai su ya dawo da su, kuma har yau ana cinikin tsofaffinsa. Ba na cewa a kawo irinsa Kainji, ruwanmu da buƙatunmu daban. Ma'aunin da suka yi amfani da shi ne nake so mu ɗauka.

Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja ya nufi Wara a Jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da 150. Hukumomi sun ce akwai babura da buhunan ƙasar ma'adinin zinariya a ciki. Ya rabe a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Tsohon jirgi ne da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma babu wata alama a jikinsa da fasinja zai nuna ya ce an wuce ƙa'ida. A Ingila sai da wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi shekaru yana faɗa da masu jirage kafin dokar 1876 ta wajabta zana layi a jikin jirgi, in ruwa ya rufe shi to lodi ya yi yawa. Wannan layi bai fi ƙarfin gwangwanin fenti ɗaya ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da ke Lokoja tana da dokar hana tafiyar dare da tilasta sa rigar ruwa, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki ta HYPPADEC ma ta raba riguna a garuruwan bakin ruwa, kuma an gode. Amma riga tana aiki ne bayan jirgi ya kife.

Tafkin kansa yana da halinsa. Ba a sare dukan itatuwan da ruwa ya rufe ba, kututtukansu suna nan tsaye. Ruwan yakan sauka da kusan mita 10 a shekara kafin farin ruwan damina ya sake cika shi, baƙin ruwan da ke tasowa daga duwatsun Gini ya biyo baya da sanyi. Hanyar da matuƙi ya bi lafiya a watan Janairu, a watan Yuni kututture na jiran sa a ƙarƙashin ruwa kaɗan. A nan kaurin katakon ƙasa da ingancin ƙusa suke nuna kansu, kuma a nan ne jirgi mai gudu ya fi shan wuya, domin ƙarfin karo yana ninkawa sau huɗu in gudu ya ninka sau biyu. Kafinta ba zai iya rage kuɗi ba sai ya rage wani abu, kuma yawanci abin da ido ba ya gani yake ragewa: ɗanyen katako a maimakon busasshe, haƙarƙari shida a inda ya kamata a sa goma. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Jirgin faiba ba ya ruɓewa, ba ya son kwalta kowace shekara, amma kuɗinsa ya fi, kuma in babu soso ko rufaffen gurbin iska a jikinsa, ya cika da ruwa nutsewa zai yi, alhali ƙaramin jirgin katako marar lodi yakan yi iyo a kife har a samu abin kamawa.

Sai kuɗin tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura naira 1,000. Mai jirgi da ya ga mai ya cinye ribarsa, mafita ɗaya yake gani, ya ƙara fasinja. Ni kuwa ina ganin lokaci ya yi da za a ɗauki iska da muhimmanci. Masunta a Tafkin Biktoriya da gaɓar Zanzibar har gobe da zanen da iska ke turawa suke tafiya. Mu ma muna da iskar hunturu daga arewa maso gabas, da ta damina daga kudu maso yamma. Zanen da aka kafa a sanda yana tura jirgi in iska na bayansa, amma domin ya ratsa ta a karkace sai an saka wani faffaɗan katako a gefe ya nutsa cikin ruwa, ya hana jirgin zamewa. Hatsarinsa hadarin farkon damina ne mai tasowa daga gabas babu sallama, don haka dole zanen ya zama mai saukowa da jan igiya ɗaya. Ba zai maye gurbin inji a jirgin fasinja ba, amma ga magidanci mai zuwa duba koma ko kai kifi gaɓa, rabin man da ya rage masa kuɗin gyaran jirgi ne. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa tana nan Sabuwar Busa, kusa da mu, kuma gwajin irin wannan bai fi ƙarfinta ba.

Shi kuwa layin lodi ba ya jiran Abuja. Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirgi a kowace tasha sun san ƙarfin kowane jirgi fiye da duk wani jami'i. Su taru ranar da ba kasuwa, a loda jirgi da buhuna har inda suka yarda za su saka 'ya'yansu, a ja farin fenti a wurin, a rubuta adadin mutane a goshinsa da manyan lambobi.